Ranar da muka ɗauki hoton ƙashin wata yarinya mai ɗingishi

Aikina ɗaukar hoto ne a sashen likitancin nukiliya, kuma galibin masu zuwa mana hoton ƙashi masu cutar daji ne, ana son a ga ko ta bazu. Sai likitan ƙashi ya turo mana yarinya 'yar shekara 9, ƙashin cinyarta ya taɓa karyewa ba tare da wata faɗuwa ta a-zo-a-gani ba. Yana zargin faiburos disfileshiya, cutar da wani nama mai zare-zare ke maye gurbin ƙashi har ya yi rauni ya lanƙwashe.

Uwar tana jin kalmar nukiliya ta kama hannun 'yarta. Na ce, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, kafin gobe war haka kusan duk sinadarin ya bar jikinta." Ba lallashi ba ne kawai. Sinadarin da muke amfani da shi, teknishiyom-99m, mai fitar da hasken da na'urarmu ke ɗauka, ƙarfinsa na raguwa da rabi duk awa 6. Ana haɗa shi da wani sinadarin da ake kira MDP mai manne wa duk inda ƙashi ke ginuwa da sauri, a auna gwargwadon nauyin yaro, a yi allura ta jijiya. Daga nan sai jiran kamar awa 3, ana shan ruwa. Dole ta yi fitsari kafin ta kwanta, in ba haka ba mafitsara za ta haske ta rufe ƙashin ƙugu, wanda kuwa muke son gani. Mafi wuya a wurin yaro shi ne kwanciya kusan rabin awa ba motsi.

Da hoton ya fito, ƙashin cinya, ƙwauri, ƙugu da gindin ƙoƙon kai duk sun sha sinadarin. Wanda idonsa ya saba da masu cutar daji zai ce ta gama jiki. Likitanmu bai yi gaggawa ba. Ya nuna mana cewa kusan duk wuraren a ɓangaren hagu suke, kuma hasken ya bi tsawon ƙashin maimakon ya warwatsu ɗigo-ɗigo. Ya sa aka duba fatarta, sai ga tabo ruwan ƙasa mai gefe zago-zago, shi ma a hagu. Hoton CT, mai nuna ƙashi yanki-yanki, ya nuna cikin ƙashin dishi-dishi, yadda cutar ta saba bayyana. Tun ranar nake ganin hoton nukiliya gwani ne wurin faɗin ina da ina, amma ba shi kaɗai zai faɗi mene ne ba. Karaya da ƙwayoyin cuta ma haka suke haskawa.

Uban ya tambaya ko daga wajensu ta gado. Aka ce masa a'a: sauyi ne a ƙwayar halittar GNAS da ke faruwa bayan an ɗauki ciki, ba a gadonsa, ba a gadar da shi. Saboda tabon, aka tura ta wurin likitan sinadaran jiki don a duba ko larurar McCune-Albright ce, mai jawo balaga da wuri, aka kuma nemi gwajin fosfet (sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi) a jini, don wasu masu cutar suna zubar da shi ta fitsari.

Ba mu sake ba ta ranar dawowa ba. Tunda ta wuce shekara 5, yawancin wuraren da cutar za ta kama sun riga sun bayyana, saboda haka bibiyar cinyar ta koma ga hoton X-ray na yau da kullum.