Idan tankar mai ta kife: darussa daga aikin kashe gobara

In tankar fetur ta faɗi, jama'a man da ke malala suke kallo. Ma'aikacin kwana-kwana kuwa abin da ke hana shi sakat shi ne tururin man, wanda ido ba ya gani. Tururin ne ke cin wuta, kuma fetur yana fitar da shi ko sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, balle a zafin Jigawa. Ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, saboda haka kwanciya yake yi, ya bi kwata da kwalbati da duk wani gangare. In ya iske murhun mai shayi can gaba, sai wuta ta biyo shi da baya har gindin tankar. Kashi 1.4 cikin 100 na tururi a iska ya isa wuri ya kama.

A Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa, fiye da mutum 150 suka rasu a gobarar tankar fetur a Oktoban 2024, kuma akasarinsu masu kwasar mai ne da bokitai da jarkoki. Tankar ta jima a kwance kafin ta kama. A wannan tazarar ake ceton rai, shi ya sa aikin farko korar mutane ne, tun kafin a warware tiyo.

Ana tunkarar wurin ta inda iska ke tasowa, ta tudu, a tsayar da mota nesa. Daga can ake karanta jikin tankar. A Najeriya galibi rubutu ake gani: PMS fetur, AGO man gas, DPK kananzir. Tankar da ke da allo mai launin lemo da lamba a kai kuwa, 1203 fetur ne, 1202 man gas, 1230 metanol (wani sinadari dangin barasa mai cin wuta). In direba yana da rai, a karɓi takardar kayansa. Ƙa'idar ita ce a killace mita 50 ta kowane ɓangare nan take, a kwashe mutane har mita 300 ta inda iska ta nufa in man ya yi yawa, mita 800 in wuta ta kama tankar. Tef ɗin killace wuri kaɗai ba ya tsare kowa a kan titinmu. Sai an haɗa da 'yan sanda, mai unguwa da lasifikar masallaci. A kashe babura, janareta da gawayin mai tsire.

Sai tare man. Yashi ko ƙasa ake zubawa a yi masa madatsa, a fara toshe bakin kwata. Garin katako ba ya cikin lissafi, makamashi ne. Shebur na ƙarfe in ya karci kwalta yana iya fitar da tartsatsi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sheƙa ruwa a kan man. Fetur yana tasowa saman ruwa, ruwan ya ɗauke shi da wutarsa ya kai cikin shaguna. Ruwa na sanyaya jikin tanki ne. Abin da ke kashe wutar kumfa ce: in mai kashi 3 ce, lita 3 na sinadari a lita 97 na ruwa. Ba a harba ta tsakiyar man, ana buga ta a jikin tankar ko a ƙasa ta gangara ta lulluɓe shi kamar bargo. Kada a fara in wadda ke hannu ba za ta gama aikin ba, don da zarar bargon ya yage wutar dawowa take. In bawul ɗin tankar ya fara ƙara mai ƙarfi, ko launin tanki ya sauya, kowa ya ja da baya.

Metanol ya fi rikitarwa. Da rana harshen wutarsa kusan ba a gani, mutum sai ya taka cikinta. In babu kyamarar gano zafi, busasshiyar tsintsiya a bakin doguwar sanda tana nuna inda wutar take. Yana gauraya da ruwa, yana cinye kumfa ta yau da kullum, sai wadda aka yi musamman don dangin barasa. Gubarsa tana shiga ta numfashi da fata, kuma mutum yana iya tafiya gida garau, bayan awa 12 zuwa 24 gani ya fara dushewa. Duk wanda ya jiƙe da shi, asibiti ya nufa ko ya ce lafiyarsa ƙalau.

Wanda mai ya jiƙa, a tuɓe masa kayan, a wanke fata da ido da ruwa mai gudu na minti 20. In ya haɗiyi fetur, ban da sa shi amai, ban da manja ko madara, domin in man ya zarce huhu ya fi ɓarna. Ƙuna ma ruwa take so, ba ɗanyen ƙwai ko man goge baki ba.

Juye man zuwa wata tanka yana da nasa haɗarin, don a lokacin kowa ya saki jiki. Mai da ke gudu a tiyo yana tara lantarki, dole a haɗa tankokin biyu da waya, a kafa ƙarfe a ƙasa a ɗaura su, a yi aiki da famfon da ba ya tartsatsi. A mahaɗar Dikko ta jihar Neja, a Janairun 2025, ana cikin wannan juyen ne da janareta wutar ta tashi.