Daga Fulorens zuwa Milan: bangon ɗakin cin abinci

Na fara da Sant'Apollonia a Fulorens ta ƙasar Italiya, tsohon gidan mata masu zaman ibada, inda Andrea del Castagno ya zana jibin ƙarshe na Yesu da almajiransa wajen 1447. Zanen ya cika sashen ƙasa na bango guda na ɗakin cin abincinsu, Yahuza, wanda ya ci amanar Yesu, shi kaɗai a wannan gefen tebur. Launin na nan daram.

Da na matsa kusa na duba bangon ta gefe, sai ga layukan da suka raba aikin yau da na gobe. Magini kan fara da yaɓe mai kaushi na farar ƙasa da yashi, mai zane ya zayyana siffofin a kai da jar ƙasa. Kowace safiya sai a shafa yaɓe mai laushi, siriri, daidai abin da za a gama kafin ya sha iska, awa bakwai zuwa takwas. Fuska guda kan ci yini. Da ruwa kawai ake dama launin, yana shiga ɗanyen yaɓen, farar ƙasar ta haɗu da iska ta daskare da shi a ciki. In an yi kuskure, sai dai a kankare wurin a sake yaɓe. Shuɗin dutse ba ya jituwa da ɗanyen yaɓe, don haka a kan busasshe ake ɗora shi da ƙwai ko danƙo, shi ya sa shi ke fara zubewa. Babban abokin gaba kuwa danshi ne, mai turo gishiri waje kamar yadda kanwa ke cin gindin katanga.

Na leƙa zanen jibin da mai zane Ghirlandaio ya yi a 1480 a Ognissanti, wani gidan ibada a Fulorens, sannan na hau jirgin ƙasa, awa biyu sai Milan.

A Santa Maria delle Grazie, gidan ibadar da Leonardo da Vinci ya zana nasa jibin, minti 15 ake ba mutum, kuma sai ya yanki tikiti tun da wuri. Leonardo ba ya son gaggawa, sai ya yi nasa a kan busasshen bango tsakanin 1495 da 1498. Tun yana raye fentin ya fara ɓarewa. A 1652 aka huda ƙofa a ƙasan zanen, ƙafafun Yesu suka tafi da ita. Gyaran da aka kammala a 1999 ya ci shekara 21, amma duk da haka fuskokin sun dusashe, ba su kama ƙafar na Castagno da ya girme su da shekara 50 ba.