Jirgin Adrestia da matuƙan da ba a gani

A cikin wasannin da matasa ke bugawa a shagunan PlayStation na Garwa, babu wanda ya riƙe hankalina kamar Assassin's Creed Odyssey, wanda kamfanin Ubisoft ya fitar a 2018. Labarinsa ya fara ne a shekara ta 431 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), lokacin da yaƙi ya ɓarke tsakanin biranen Girka biyu, Atina da Sparta, kuma mai wasa yana ratsa tekun Girka a cikin jirgin yaƙi mai suna Adrestia, tare da kyaftin Barnabas, yana karawa da jiragen 'yan fashin teku da ke yawo tsakanin tsibirai.

Duk wanda ya buga ya san daɗin da ke cikin karawar: a yi ruwan kibau, a jefa mashi, sannan a ƙara gudu a soki jirgin abokin gaba a haƙarƙari har ya rabe biyu. Wannan sukar ba ƙirƙira ba ce, domin jiragen yaƙin Girkawa na wancan zamani suna da ƙaho na tagulla a goshi, daidai saitin ruwa, kuma da shi ake fasa jirgin maƙiyi.

Abin da ke damuna shi ne mutanen da wasan ya ɓoye a cikin cikin jirgin. Jirgi irin wannan yana ɗaukar mutum kusan 200, kuma 170 daga cikinsu matuƙa ne da ke zaune hawa uku, na ƙasa ba sa ko ganin ruwan da suke tuƙawa. A Atina yawancinsu ba bayi ba ne, talakawan gari ne 'yantattu da ake biya lada. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin Binuwai ya ga yadda masu kwalekwale biyu ke daidaita filafilansu kafin su tsallaka da kaya, zai gane irin horon da ake buƙata kafin filafilai 170 su faɗa ruwa lokaci guda.

Haka kuma jirgin ba ya iya ɗaukar ruwan sha da abinci mai yawa, shi ya sa akan jawo shi bakin gaɓa da dare domin mutane su ci su kwanta. A wasan kuwa Adrestia ba ta gajiya. A 1987 an ƙera irin wannan jirgin yaƙi na da a Girka, aka sa masa suna Olympias, kuma da ƙarfin damtsen matuƙa kaɗai ya kai gudun kusan kilomita 17 a sa'a.