Allurar Mura Kafin Tafiya Umara da Inna

Mahaifiyata tana fama da ciwon suga, shekarunta kuma sun haura saba'in. Da Allah ya nufe mu da zuwa Umara tare, likitan da ke duba ta a nan Sakkwato ya ce bayan allurar sanƙarau da ta ciwon shawara, a ƙara mata ta murar infuluwenza. Ma'aikatar lafiya ta Saudiyya tana ba mahajjata shawarar yin ta, musamman tsofaffi, masu juna biyu da masu ciwon da ya daɗe a jiki. Na ce ni ma a yi mini, tunda ni zan riƙa tura ta a keke cikin cunkoson ɗawafi.

Neman allurar ya fi yin ta wuya. Ba ta cikin rigakafin da gwamnati ke yi wa yara kyauta, sai a asibitin kuɗi muka samu. Likita ya ce kafin a tsira mana in duba shekarar da ke jikin kwalin. Ƙwayar cutar tana sauya kama, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke zama sau biyu a shekara, a Fabrairu domin arewacin duniya, a Satumba domin kudanci, ta zaɓi nau'o'in da za a haɗa allurar a kansu. Ta bara ba lallai ta yi maganin ta bana ba. Ya kuma ce in tambayi yadda ake ajiye ta, don ana son ta zauna a sanyin digiri 2 zuwa 8, kada ta yi zafi, kada ta daskare. Duk wanda ya san ranar Sakkwato da halin wutar lantarkinmu ya san wannan tambaya ba neman rigima ba ce. Ma'aikaciyar jinyar ba ta ji haushi ba, ta buɗe firijin mai aiki da hasken rana ta nuna mini.

Ta tambayi Inna ko tana da zazzaɓi a ranar, ko kuma wata allura ta taɓa sa jikinta ya kumbura. Inna ta ce a'a, sai ta ce, "'Yata, ba dai ciwon za ki zuba mini ba?" Ta yi dariya ta ce, "Hajiya, ƙwayar da ke ciki matacciya ce, ba ta iya sa mura." Ban ga laifin Inna ba. Mutanenmu ba su manta da gwajin maganin da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ni damtsena ya yi tsami, na kwana da kasala. Inna ko gezau. Jiki yana bukatar kamar mako biyu kafin garkuwar ta kankama, don haka muka yi ta da sauran lokaci kafin jirgi.

A Makka tari ya cika masallaci, mu dai muka gama ibada lafiya. Da muka dawo cikin ƙurar hunturu, Inna ta kama atishawa da yoyon hanci, ta ce an ci kuɗina a banza. Nan ne na fahimci inda mutane ke yi wa allurar rashin adalci. Ƙwayoyin da ke sa mura ta yau da kullum suna da yawa, allurar ba ta taɓa su. Infuluwenza ita ce mai kayar da mutum farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi da ciwon gaɓoɓi, a tsoho kuma tana iya sauka huhu ta zama nimoniya, ta kuma hargitsa sugan mai ciwon suga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 duk shekara. Ko ita ɗin ma allurar ba ta tare ta ɗari bisa ɗari: a shekarar da haɗin ya dace da ƙwayar da ke yawo, tana rage haɗarin kamuwa da kashi 40 zuwa 60, wanda ta kama duk da haka kuma galibi ciwon ya fi zo masa da sauƙi.

Murar Inna ba ta kai ta kwanciya ba, suganta bai tashi ba. Likita ya rubuta a katinta cewa a sake yi mata baɗi, ko da tafiya ko babu. Ta ce ta yarda, amma a hannun hagu, don da dama take jan tasbaha.