Abin da Na Koya Daga Mulkin Normawa a Ingila

Duk wanda ya zauna ajin shari'a a Najeriya ya san cewa idan aka bi salsalar dokar da kotunanmu suka gada daga Ingila, sai an ya da zango a shekarar 1066. Ranar 14 ga Oktoba ta wannan shekara ce Wiliyam, mai mulkin Nomandi, ƙasar Normawa da ke arewacin Faransa, ya ci Sarki Harold na Ingila da yaƙi a Hastings, aka naɗa Wiliyam ɗin sarki ranar Kirsimeti a Westminster. Yawancinmu daga nan muke wucewa gaba. Ni kuwa aikin rubutu aka ba ni a kan wannan zamani, dole ta sa na zauna a kansa, kuma tun daga lokacin idan aka ce mini "doka ba ta canja ba", sai na tambaya: to, a hannun wa take?

Wiliyam bai taɓa yarda cewa ƙwace ya yi ba. Cewa yake shi ne halastaccen magajin Sarki Edward, wanda ya rasu a Janairun 1066. Takardar da ya aika wa mutanen Landan ma da Ingilishin lokacin aka rubuta ta: dokokinku na zamanin Edward suna nan, kowane ɗa zai gaji ubansa. Kuma ba a ce ƙarya ya shara ba. Larduna da gundumomi suka ci gaba da zaman kotunansu. Wakilin sarki a lardi na nan, harajin ƙasa na nan, takardar umarni mai hatimi na nan, haka ma masu buga kuɗin azurfa. Me zai sa ya rusa? Ya tarar da ƙasar da ta iya tara haraji, shi kuwa ga sojoji suna jiran lada. Doki na nan da sirdinsa da linzaminsa, mahayin ne sabo.

Shari'ar da ta fi tsaya mini a rai ita ce wadda aka yi a filin Penenden, cikin Kent, a shekarun 1070. Lanfranc, babban limamin cocin Canterbury, ya yi ƙarar Odo, ƙanin sarki uwa ɗaya, kan ya danne filayen coci. Duka biyun baƙi ne, amma da tsohuwar dokar Ingila za a raba gardamar, kuma ba wanda ya san ta ciki da waje. Sai sarki ya sa aka ɗauko wani dattijo, Ethelric, aka kawo shi a keken doki saboda tsufa, don ya bayyana musu yadda al'adar take. Shi wannan dattijo, a 1070 aka tuɓe shi daga muƙaminsa na bishop. Ana buƙatar abin da ke kansa, kujerarsa kuwa tuni an ba wani. Kwana uku ana zama, Lanfranc ya yi nasara.

Kundin Domesday na 1086, wato ƙidayar filayen Ingila da sarki ya sa aka yi, shi ya fito da sauran a fili. Jami'an sarki suka zaga ƙasa suna tambaya a wurare fiye da 13,000: wa ke riƙe da nan a zamanin Edward, wa ke riƙe yanzu, garma nawa, nawa yake kawowa? A kotunan lardi na gargajiya aka zauna, aka rantsar da mutanen gunduma. A Cambridgeshire mutum takwas ake ɗauka daga kowace, huɗu Faransawa, huɗu 'yan ƙasa. Da bakinsu suka shaida cewa gonar wane ta koma hannun wane. Da aka gama lissafi, cikin manyan masu riƙe da ƙasa kai tsaye daga sarki, 'yan ƙasa biyu kacal suka rage masu ƙarfi, Thurkill na Arden da Colswein na Lincoln. A ganina a nan ne cin ƙasar ya kammala, a gaban magatakarda, shekara 20 bayan Hastings.

Sababbin dokoki ba su da yawa. An raba shari'ar coci da ta gunduma, an kawo raba gardama ta hanyar gwabzawa tsakanin mai ƙara da wanda ake ƙara, Latin ya maye gurbin Ingilishi a takardun fada. Amma biyu daga ciki ba sa ɓoye wanda aka yi su dominsa. Ɗaya dokar daji ce: aka keɓe wa sarki manyan yankuna na farauta, irin su New Forest, talaka bai isa ya taɓa barewa ba ko tana cinye masa amfanin gona. Ɗayar kuma tarar kisa ce. Idan aka tsinci gawar Banorme ba a kama wanda ya kashe shi ba, gundumar duka za ta biya mak 46 na azurfa (mak ma'aunin kuɗi ne na lokacin), kuɗin da zai durƙusar da ƙauyuka. Daga baya ma abin ya zama duk gawar da aka tsinta ana ɗaukarta ta Banorme ce, sai in mutanen wurin sun kawo shaidar cewa mamacin ɗan ƙasa ne, sannan a yafe musu tarar.