Kafin ka kai ɗan'uwa gaban dattawa

Ƙannena da kuka fara riƙe aiki a ikkilisiya, ko sakataren matasa, ko ma'aji, ko shugaban mawaƙa, wata rana za ku kama ɗan'uwa da laifi dumu-dumu. Abin da kuka yi a ranar farko shi ne yakan sa a same shi ko a rasa shi.

Yesu ya shimfiɗa hanyar a Matiyu 18:15-17. Ka fara samun mutumin, daga kai sai shi. In bai ji ba, ka koma da mutum ɗaya ko biyu. Sai ya ƙi su ma, sannan magana ta kai gaban ikkilisiya. Na haddace ayoyin nan tun ina ajin baftisma, amma da abin ya zo kaina, daga matakin ƙarshe na fara.

Ina sakataren matasa a lokacin. Kuɗin motar zuwa taron shekara yana hannun ma'ajinmu, da na duba littafi sai na ga lissafi bai cika ba. Unguwarmu ɗaya da shi, amma ban taka gidansa ba. Na jira zaman kwamiti, na buɗe littafin a gaban kowa, na karanto abin da ya shiga da abin da ya rage. Ya sunkuyar da kai, yana ta murza hularsa, bai ce uffan ba. Kafin Lahadi magana ta gama gari. Sai daga baya na ji cewa mahaifiyarsa ya kai asibiti da kuɗin, kuma ya fara mayarwa kaɗan-kaɗan. Ya ci amana, wannan ba shakka. Amma da na ƙwanƙwasa ƙofarsa da yamma, da shi da kansa zai je wurin Baba Fasto ya faɗi gaskiya.

Dattawa suka sa shi a horo: ya koma bencin baya, ba ya cin jibin Ubangiji, ya ajiye rigar mawaƙa. Ba na jayayya da horo. Bulus ya tsawata wa Korantiyawa don sun zuba ido wani yana zama da matar ubansa, ya ce a fitar da shi (1 Korantiyawa 5). Amma shi Bulus ɗin ne kuma ya rubuta musu a 2 Korantiyawa 2:6-8 game da wani mai laifi, cewa hukuncin ya isa haka, su yafe masa, su ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya sha kansa. Mu mun iya na farkon, na biyun ne yake ba mu wuya.

A nan na sake yin kuskure, wanda ya fi na farko ci mini rai. Duk watannin horon, ba wanda ya leƙa shi a cikinmu matasa. Yakan shigo bayan an fara sujada, ya fice kafin addu'ar rufewa don kada ya haɗa ido da kowa. Ina ganinsa, ina kawar da kai. Da wa'adin ya cika, ya riga ya daina zuwa.

Don haka idan an sa wani a horo, ku je gidansa a makon farko. Ba wa'azi za ku kai masa ba, ya sha shi. Ku gaishe shi, ku yi addu'a tare, ran Lahadi wani ya biya ya ɗauko shi. Kada maganarsa ta shiga WhatsApp da sunan "mu sa shi a addu'a", wannan gulma ce. In kuma yarinya ce ta yi ciki aka kai ta bencin baya, wanda ya yi mata yana zaune a gaba don ubansa mai hannu da shuni ne, ku tambayi dattawa dalili, cikin ladabi. Galatiyawa 6:1 ta ce a komo da mutum cikin tawali'u, kana kula da kanka kada kai ma a jarabce ka.

Ranar da aka karɓe shi kuma, kada a tsaya ga tafi da waƙa. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku, amma a Yahaya 21 Yesu ya damƙa masa kiwon tumakinsa. Ku ma ku nema wa ɗan'uwan aiki. Wanda ya faɗi a kan kuɗi, ba dole a mayar masa da jaka nan take ba, amma a ba shi rigarsa ta mawaƙa, a sa sunansa cikin masu karatun Lahadi mai zuwa.