Waƙar da aka haɗa a ƙarƙashin wani bene a Munich

Shekaranjiya na dawo daga Jamus, har yanzu sanyin Munich bai fita daga ƙashina ba. Baje kolin injuna ne ya kai ni, amma ba shi zan ba ku labari ba.

Mai masaukina wani dattijo ne ɗan zangon Kumasi, direban tasi, ya daɗe a can. Ko kwabo bai bari na kashe a gidansa ba, a garin da shiga banɗakin tasha ma sai ka biya. Muna cikin motarsa ya kunna wata waƙa, kiɗan na gudu kamar injin markaɗe, muryar mace na shawagi a kansa. Na ce, "Baba, kai ma kiɗan yaran zamani kake ji?" Ya kwashe da dariya. "Ɗana, wannan ta girme ka. A garin nan aka yi ta."

Ashe I Feel Love ce ta Donna Summer, wadda ta fito a 1977. Ita Ba'amurkiya ce, waɗanda suka tsara waƙar tare da ita kuma Giorgio Moroder ɗan Italiya da Pete Bellotte ɗan Ingila, Munich ce ta haɗa su. Kusan duk kiɗan daga Moog ya fito, wata na'urar haɗa sauti ta lantarki, ban da babbar gangar da Keith Forsey ya buga. Abin da ya ba ni mamaki shi ne wahalar aikin. Na'urar ba ta riƙe sauti, jim kaɗan sai ta kauce, don haka guntu-guntu suke ɗauka, su tsaya su saita ta, su ci gaba. Nan na tuna situdiyoyin Kano, inda yaro ɗaya da fiyano da kwamfuta zai gama kiɗan waƙa kafin azahar, yana kuma amsa waya. Waƙar ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya, kuma masu kiɗan rawa na na'ura har gobe daga rijiyarta suke ɗiba. Beyoncé ma ta ɗauko ta a 2022.

Washegari na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa, layin U4, na sauka Arabellapark don in ga ginin da aka haɗa waƙar. Dogon bene ne kawai, ba kyan a zo a gani. A ƙarƙashinsa situdiyon Musicland yake a da, inda ƙungiyoyin mawaƙan Birtaniya irin su Queen da Led Zeppelin ma suka yi aiki. An rufe shi tuntuni, Baba ya ce girgizar jirgin nan da ya kawo ni ce ta riƙa lalata musu ɗauka. Na tsaya a waje hannu cikin aljihu, mutane na wucewa da ledojin cefane, ba mai ko kallon juna balle sallama. Kofin da na sha a kusa, da kuɗinsa a gida sai na ci shinkafa da kaza har na yi wa wani tayi.

Berlin kwana biyu na yi, ruwa bai ɗauke ba. A filin jirgi wani jami'i ya juya fasfona kamar mai duba jabun kuɗi, bai ce min uffan ba. Baba kuwa sai da ya cusa min cakulan a jaka, wai na yara.